Littafi a Ka, Akwati a Kafaɗa

Shekarar da muka shiga aji bakwai ce gwamnati ta tuna cewa muna da jiki. Kafin nan ba wanda ya lura. Sai kawai aka turo mana malamin motsa jiki da kiwon lafiya, sabo fil daga kwalejin horon malamai, da usur a wuya, da farin gajeren wando, da farin takalmi da yake goga wa alli kowace safiya, da wani littafi mai koren bango wanda ba ya barin hammatarsa. A Ingila aka buga littafin, don 'ya'yan mutanen da sanyi ke kullewa a ɗaki. Tutar masu littafin ta sauka 'yan shekaru baya, amma shi littafin bai samu labari ba, ya biyo mu har Birnin Gwari.

Ranar farko ya jera mu a fili da hantsi, ya hura usur, ya ce za mu fara da abin da zai tayar mana da jini, domin jininmu a kwance yake. Jama'a, jininmu fa! Ni kafin in zo makaranta na surfa dawa, na cika randa biyu, na zaga unguwa da tallan ƙosan innata. Yaran ƙauye kuwa tun asuba suke ratso daji a ƙasa, raɓa ta jiƙa su har cinya, wasu ma sai sun yi kunya biyar a gona ake sallamo su. Su ne Malam ya duba cikin tausayi ya ce su yi gudu. Muka ce ina za mu? Ya ce ba ko'ina, nan inda muke tsaye za mu yi ta gudun.

Wasu tsofaffi biyu masu zuwa kasuwa suka tsaya a bakin fili suna kallonmu. Na ji ɗaya ta tambayi 'yar'uwarta, "Me ya koro su?"

"Ba komai."

"To ina za su?"

"Ga su nan dai."

Ta riƙe haɓa ta ce, "Allah ya kyauta." Suka wuce.

Bayan gudu sai numfashi. Malam ya ɗaga hannu sama ya ce mu shaƙa, ya sauke ya ce mu fitar. Ashe shekara goma sha uku ina numfashi bisa kuskure ban sani ba, Allah ne kawai ya raya ni. Daga nan sai a sunkuya a taɓa yatsun ƙafa sau goma, yana ƙirgawa da Turanci, yana yaba wa yaran da suka wuni jiya a sunkuye kan fartanya cewa sun fara samun ci gaba. Ranar Alhamis kuma darasin kiwon lafiya ne a cikin aji. Ya zana burushin haƙori a allo ya tambayi wa yake da shi. Ba kowa. Ya girgiza kai cikin takaici, ya buɗe baki yana yi mana wa'azi da haƙoransa da goro ya rina, mu kuma muna sauraro da namu da asawaki ya wanke fes. Ya zana wani ɗan itace da ya kira tuffa, ya ce duk mai son lafiya ya ci ɗaya kullum. Ba wanda ya taɓa ganinsa a cikinmu, sai muka yanke shawara gauta ce, muka rubuta haka.

Kada in zalunce shi, ba mugu ba ne. Yaro ne ɗan birni da aka jefo bakin daji da littafi ɗaya, ya riƙe shi gam don ba shi da wani abin riƙewa. Da mugu ne ma da na ji daɗi, da na samu wanda zan jibga wa laifin gaba ɗaya in huta.

Mu biyar ne mata a ajin, ni ce monitarsu. Wadda muke benci ɗaya da ita daga wani ƙauye take zuwa, can bakin daji ta hanyar Kakangi, inda kakarta ke riƙonta. 'Yar Gbagyi ce. Mu muna cewa Bagwariya, muna faɗa muna taɓe baki, a garin da yake ɗauke da sunansu. Tun daga aji biyar ita ce ta ɗaya a kowace jarrabawa, ni ce ta biyu, har sunayenmu suka ɓace a bakin 'yan aji, suka koma kiranmu Ta-ɗaya da Ta-biyu. Da wannan sunan zan kira ta a nan. Ita ta koya mini dogon rabawa bayan malamin lissafi ya gaji da ni. Tana kawo mini gasasshiyar doya a ƙunshe cikin ganye, da kaɗanya in lokacinta ne, ni kuma ina sato mata ƙosai. Ranar Lahadi tana coci, ranar Sallah tana gidanmu tana cin tuwo. Ina sonta, ina kuma jin haushinta, duka biyun a ciki ɗaya. Duk ƙarshen zango in na kai sakamako gida, innata ba ta duba makin, sai dai ta ce, "Yau ma kin bari ta wuce ki?"

A tsakiyar shekara sakamakon jarrabawar shiga sakandare ya fito. Hedimasta ya kira mu biyu ofis ya ce duka mun ci, amma makarantar kwana ta 'yan mata gurbi ɗaya ta ba makarantarmu. Za a aika fom ɗin kowaccenmu, su zaɓa a can. Makinta ya fi nawa, wannan ko kurma ya ji labari. Abin da ya rage a fom ɗin layi biyu ne kawai, ɗaya na lafiyar jiki, ɗaya na hali, kuma da yake ba likita a kusa, malamin motsa jiki ne zai cike su. Muka fito daga ofis ta kama hannuna ta ce, "Ƙila su ƙara gurbi." Na ce ƙila. Na san ba za su ƙara ba, ita ma ta sani.

A wannan makon ne littafin mai koren bango ya iso shafin tafiya a miƙe. Malam ya sa aka ja layi da toka daga gindin mangwaro zuwa bakin fili. Ya nuna mana hoton wata 'yar Baturiya da littafi a ka, ya ce wannan darasi na mata ne, zai koya mana yadda ake ɗora abu a ka a yi tafiya bai faɗi ba. Mu! Ni da kare ya taɓa bi na daga bakin kasuwa har ƙofar gida da farantin ƙosai a ka, ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗi ba. Na ɗora littafin na bi layin ina rangwaɗa, na dawo, har na ɗan yi juyi. Malam ya ce a tafa mini. Sauran ukun ma suka yi.

Da aka zo kan Ta-ɗaya, ta karɓi littafin da hannu biyu, ta aza shi a kafaɗa, ta bi layin tokar a miƙe sambal har ƙarshe ta dawo. Aji ya fashe da dariya. Malam ya hura usur.

"Ke, a ka na ce."

"Malam, mu ba ma ɗora kaya a ka."

"Ku su wa?"

"Mu dai, Malam."

"Littafi ne kaya? Ɗora shi a ka!"

Ta sunkuyar da ido, littafin yana nan a kafaɗarta, ba ta motsa ba.

Bari in yi wa wanda bai san ƙasarmu ba bayani. Matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya, itace ne, doya ce, ruwa ne, a cikin ƙaton masaki da ake dasawa a gefen wuya. Ta-ɗaya ta taɓa gaya mini abin da kakarta ke cewa: kai shi ke yi wa jiki tunani, ya riga ya ɗauki nasa kayan, ba a ƙara masa wani. Tun tana 'yar mitsitsiya ko ludayi ba a taɓa ɗora mata a ka ba. Wannan ba sirri ba ne, kowane jariri a garin ya san shi. Malam ma ya ga matan suna wucewa ta bayan gidan malamai kullum. Sai dai shi a ganinsa wata mummunar ɗabi'a ce ta tsofaffi, irin wadda aka turo shi ya gyara. Kuma a cikin gari akwai 'ya'yan Gbagyi da suka tashi cikin Hausawa suna talla da faranti a ka kamar kowa, ya gan su da idonsa.

Mako biyu aka yi ana wannan dambarwa. Kowace safiya a ja layin toka, kowace safiya littafi ya hau kafaɗa. Ya sa ta tsallen kwaɗo ta zaga fili, ta yi. Ya sa ta durƙusa a rana ta ɗaga hannu, ta yi. Ya sa ta share bayan azuzuwa, ta share har inda bai ce ba. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, amma littafin bai hau kanta ba. Wata rana ya zo da rula ya tsayar da ita a gaban aji, ya auna kafaɗunta, ya gano da iliminsa cewa ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka. Ya taɓa kantar da masaki ya yi mata a gefen wuya ya ce, "Kun gani? Wannan illa ce." Yarinyar da ke ratso daji sau biyu a rana ba ta taɓa fashi ba, ita ce mai illa a ajinmu. Hedimasta ɗan ƙasa ne, ya san komai, amma ya ce kowane malami da fanninsa, shi ba ya shiga aikin wani.

Ranar da za a cike fom, Malam ya aiko a kira ni. Na same shi a gindin mangwaro, fom biyu a kan cinyarsa, nawa ya riga ya cike. Bai hura usur ba, bai ɗaure fuska ba. A gaskiya ma a gajiye na gan shi.

Ya ce, "Monita, zauna. Ke ce ƙawarta, kin san gidansu. Ina son ki gaya mini gaskiya tsakaninki da Allah. Abin nan da gaske hani ne a wurinsu, ko raina ni take yi a gaban yara? In hani ne, na bar maganar, in rubuta mata lafiya lau."

Kun ji fa. Mutumin da na shafe rabin shekara ina yi wa dariya, ranar ɗaya tak da ya ajiye littafinsa ya tambayi ɗan ƙasa, ni ya tambaya.

Na duba fom ɗinta, layin nan biyu babu komai a kansu. Na tuna muryar innata. Na tuna makarantar kwana da aka ce akwai lantarki da famfo da gado mai ƙarfe. Sai na ji kaina ina cewa, "Malam, a gida a ka take ɗauka. Na sha ganinta."

"Kin tabbata?"

"Na sha ganinta, Malam."

Ban ce wallahi ba. Shekara da shekaru wannan nake rarrashin kaina da shi, cewa ai ban rantse ba, kamar rantsuwar ce za ta hau mota ta tafi makarantar. Ya gyaɗa kai, ya cire murfin alƙalami. Ina zaune ya rubuta cewa kafaɗarta a karkace take, kuma ba ta bin umarni. Hedimasta ya sa hannu bai karanta ba, motar Kaduna ta tafi da fom washegari. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Nawa dai ya kai ni har makarantar kwana, domin bayan wata guda amsa ta zo, sunana ne a ciki.

Kwana biyu da zuwan amsar, muna fili muna gudunmu na ba-ko'ina, sai ga kakar Ta-ɗaya. Tsohuwa ce 'yar firit, ba takalmi, da masaki shaƙe da doya a kafaɗa, daga ƙauye ta taho da shi za ta kasuwa. Ta ratso tsakiyar layinmu ba sallama, ta sauke masakin a gaban Malam. Hedimasta ya fito da sauri yana gyara hula.

Da Hausarta da muka saba kwaikwaya muna dariya ta ce, "Wa ya rubuta jikata a karkace take?" Ranar ba wanda ya yi dariya.

Malam ya ce shi ne.

"Kai ne mai koya wa yara ƙarfi?"

Ya ce, to, kusan haka.

Ta nuna masakin. "Ɗaga."

Ya duba hedimasta, hedimasta ya duba sama. Malam ya sunkuya, ya taɓa yatsun ƙafarsa kamar yadda littafi ya ce, ya rungumi masakin, ya shaƙa, ya fitar. Ya kai shi gwiwa. Farin takalmin ya zame, doya uku suka gangaro ƙasa, ya dire sauran yana haki. Tsohuwar ta tsince doyarta ta mayar, ta durƙusa, ta yi wani ɗan juyi da ban ga yadda aka yi ba, sai ga masaki a kafaɗa. Ta hau layin tokar Malam ta bi shi har bakin fili, ta dawo, ƙafarta ba ta kauce ba ko sau ɗaya. Ta tsaya a gabansa ta ce, "Auna ni."

Da a ce labarin nan ya ƙare a nan, da na fi kowa jin daɗin ba da shi. Amma ihu ne bayan hari. Hedimasta ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, bakin alƙalami ya riga ya bushe."

Malam kuwa, kunya ta rufe shi, ya ce da ƙaramar murya, "Ai ce mini aka yi a gida a ka take ɗauka."

Tsohuwar ta ce, "Wa ya ce?"

Ya ɗago ya bi layinmu da kallo. Idonsa ya zo kaina, ya ɗan tsaya, ya wuce. Ya ce, "Na manta." Ya rufa mini asiri, Allah ya saka masa. Sai dai Ta-ɗaya tana tsaye kusa da ni, kuma yarinyar da ba a taɓa kayar da ita a lissafi ba ba za ta kasa haɗa wannan ba. Ba ta juyo ta dube ni ba. Ni ma ban dube ta ba.

Malam ya rubuta wasiƙa zuwa makarantar ya ce kuskure ya yi. Suka amsa cewa gadaje sun cika, a sake gwadawa baɗi. Bai ƙara sa an ja layin toka ba har muka gama. Baɗin kuma da ta zo, kakar ta kwanta ciwo, gona ba ta jiran kowa, Ta-ɗaya ba ta sake zama jarrabawa ba. Sauran watannin da suka rage mana a aji bakwai benci ɗaya muka ci gaba da zama. Tana gaishe ni, ina amsawa. Doya ce dai ba ta ƙara kawo mini ba, ni ma ban ƙara sato ƙosai ba.

Ranar tafiyata, babana ya riga ni zuwa tasha don ya kama mini wuri a gaban mota. Innata ta cika mini akwatin ƙarfe da gari da ƙuli-ƙuli da yaji da sabulu har murfin yana ƙin rufuwa. Na naɗa gammo, aka taimaka aka ɗora mini. Ni gwanar tafiya a miƙe, wadda aka tafa wa, ban kai ƙofar zaure ba wuyana ya fara rawa, na sauke ina neman kuka. Ina ɗagowa sai na ga Ta-ɗaya tsaye a ƙofar gida, raɓa ta jiƙa mata zane. Tun asuba ta taso daga ƙauye.

Ta ce, "Kawo."

Na ce, "Bar shi, za a samu mai ɗauka."

Ta ce, "Kawo, mota za ta tashi."

Ta ture gammon da ƙafa, ta durƙusa, ta aza akwatin a kafaɗar nan da aka rubuta a karkace take. Ta shige gaba, ni ina biye da bokiti a hannu. Muka ratsa unguwarmu, muka bi ta gefen kasuwa, mutane suna yi mini Allah ya kiyaye hanya, suna cewa kai, wannan ƙawa taki 'yar halak ce. Ba ta sauke ba, ba ta sauya kafaɗa ba har tasha. Ta miƙa wa masu lodi akwatin, ta karkaɗe zaninta. Sannan ta juyo ta dube ni, karo na farko tun ranar kakarta.

Ta dafa kafaɗarta ta ce, "Yau dai kin gani da idonki, ko? In an sake tambayarki, a nan nake ɗauka."

Ta juya ta tafi, ba ta jira tashin motar ba.

Na yi karatu, na yi aikin koyarwa har na yi ritaya, na cike wa 'ya'yan mutane fom ba iyaka, kuma ban taɓa tambayar monita komai a kan ɗan'uwansa ba. Sau biyu na gan ta a kasuwa in na je gida hutu, tana sayar da doya. Muka gaisa, ta tambayi yara, na tambayi gona. Rabona da labarinta tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, ban san inda ta nufa ba, ban san ko tana raye ba.

Ba a sake tambayata ba. Na jira, na jira, har gashina ya yi fari, ba wanda ya tambaya. To ga amsar nan ko ba mai tambaya: Malam, a kafaɗa take ɗauka. Ban taɓa ganinta da komai a ka ba.